Abba ba ya tsayawa a wanke masa baki, ga haƙori ya yi rami

Maman Abba (Tudun Jukun): Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema, ku yi haƙuri da tsawon rubutun, yau zuciyata a cike take. Yarona shekararsa 7. Bara likita ya tabbatar mana yana da larurar nan ta ƙarancin nutsuwa da yawan motsi, wadda suke ce wa ADHD, aka ɗora shi a kan magani. A makaranta an ga canji, alhamdu lillahi. To yanzu haƙori ne ya sa mu a gaba. Kwana uku ba mu runtsa ba, yana dafe da kumatu yana kuka. Na haska bakin da fitilar waya, sai ga rami baƙi a turmin can ƙarshe na ƙasa, har da ɓurɓushin biskit a ciki. Jiya muka kai shi wani asibiti, ba zan kama suna ba. Mun isa ƙarfe 9, ba a kira mu ba sai bayan azahar. Kafin nan ya zagaye bencinan wurin ya fi sau talatin, ya kashe musu fanka, ya buɗe famfo. Da aka ɗora shi a kujera ya ji ƙarar injin nan, sai ya dire ya shige ƙarƙashin tebur. Ma'aikaciyar ta dube ni ta ce, "Hajiya, ki je ki koya wa ɗanki tarbiyya tukuna." Wallahi a cikin Keke Napep na yi kukana har gida. Wanke baki kuwa kullum dambe ne. Ya tsotse makilin, ya tauna buroshi, kafin in juya ya kai ƙofar gida. Ya zan yi?

Maman Ilham (Samaru): Wa alaikumus salam. Ayya, sannu 'yar uwa. Maganar da matar nan ta yaɓa miki ta fi ciwon haƙorin zafi. Allah ya ba shi lafiya.

Kawu (Kwarbai): Ɗiyata, Allah ya sawwaƙe. Amma zan faɗi gaskiya ko za a ji haushina. Mu a zamaninmu ƙiriniya muke ce wa wannan abu, maganinta kuma yana rataye a bayan ƙofa. Yanzu kowane rashin ji sai an raɗa masa sunan Turanci an haɗa shi da ƙwaya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ubansa ya tsaya masa da dorina sau biyu ki ga ko ba zai buɗe baki ba.

Maman Abba: Kawu, da bulala tana magani da tuni Abba ya zama waliyyi. Babansa ya yi dukan har ya gaji, malamin Islamiyya ya yi nasa. Hawaye bai bushe ba zai sake abin da aka dake shi a kai, kuma in ka dubi fuskarsa za ka ga shi ma bai san yadda aka yi ba.

Bakanon Sabon Gari: Kawu ranka ya daɗe, tambaya ɗaya tak. Kai da aka tanƙwara da dorina, turame nawa suka rage maka a baki? Don na ga rake da mazarƙwaila sun gama da Zage-zagi.

Kawu: Kai Bakano, ba da kai nake ba. Wa ke loda mana alawar a mota yana kawowa in ba ku ba?

Goggo (Ƙofar Doka): Ku bar wasan nan yaro na jin jiki. Maman Abba, ki daka kanumfari ki cusa a ramin, yana kwantar da zogi. Akwai kuma mai magani da ke zuwa ranar kasuwa, yana turara hayaƙi a baki tsutsotsin su zubo a cikin ruwa. Da idona na gani.

Dakta (likitar haƙori): Salamu alaikum, ina wurin aiki ne shi ya sa ban shigo da wuri ba. Goggo ki gafarce ni, zan bi ki a rabi in saɓa miki a rabi. Kanumfari gaskiya yana dusashe zogi na ɗan lokaci, har a kayan aikinmu akwai wanda ake haɗawa da mansa. Sai dai ba ya rufe rami, in ya yi yawa kuma yana ƙona dasashin yaro. Tsutsa kuwa babu ita a haƙori, abin da ke zubowa a ruwan nan ba daga bakin yake fitowa ba. Masu cin haƙori ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani, suna zaune a cikin danƙon nan fari-fari da ke taruwa a gindin haƙori. Duk sanda zaƙi ya shiga baki sai su ci su fitar da tsami, tsamin ya dinga narkar da ɓawon haƙori. Yawu ne ke zuwa ya kashe tsamin ya mayar wa haƙori abin da ya rasa, amma yana bukatar kamar minti 30 zuwa awa guda. In aka sake jefa wata alawar kafin nan, aiki ya koma farko.

Maman Abba, abin da ya tsaya min a bayaninki shi ne "turmin can ƙarshe". Haƙoran yarinta 20 ne. Wajen shekara 6 wani turmi yana fitowa a bayansu, sama da ƙasa, hagu da dama, ba tare da wani ya faɗi ya ba shi wuri ba. Tun da ba a ga famfara a wurin ba, iyaye sai su ɗauka na yarinta ne, ai za a canza. Ba a canza shi. Na girma ne, da shi zai ci tuwo har tsufa. Kada a ce a cire kawai a huta, sai an duba an tabbatar ba zai cetu ba.

Yau da dare ki ba shi farasitamol daidai nauyinsa. Ban da asfirin, kada kuma a ɗora wata ƙwaya a kan dasashi. In kumatu ya kumbura, ko zazzaɓi ya taso, ko ya kasa buɗe baki ko haɗiyar yawu, kada ku jira gari ya waye, ku wuce sashen gaggawa na asibitin Shika ko na asibitin Gambo Sawaba a nan Zariya. Sannan ki faɗa min tsakani da Allah: daga tashinsa zuwa barcinsa, me da me ke shiga bakinsa?

Maman Abba: Dakta kin sosa min inda ke ƙaiƙayi. Kunya ce ta hana ni faɗa tun farko. Alawa ce kuɗin zaman lafiyarmu a gidan nan. In zan yi salla, alawa. In baƙi sun zo, biskit. In za mu Kaduna sai na cika jaka da cingam da tuwon madara, don in bakinsa na motsi ƙafarsa takan ɗan huta. 'Yan canjin da kakarsa ke ba shi duk a shagon ƙofar gida suke ƙarewa, gullisuwa da carbin malam. Abinci kuwa tun da ya fara maganin ba ya ci da rana, kular makaranta yadda na zuba haka take dawowa. Sai wajen ƙarfe 9 na dare yunwa ta taso masa, ya sha shayi mai sukari cokali uku da burodi. Wani lokaci a kan tabarma barci zai kwashe shi da kofin a hannu. Wa zai tashe shi wanke baki, ni da nake addu'ar ya yi barcin?

Maman Ilham: Wallahi ba ke kaɗai ba ce. Duk uwar da ta ce ba ta taɓa sayen shiru da alawa ba, a ba ta Alƙur'ani.

Mai harhaɗa magani (PZ): Hajiya, wane magani yake sha?

Maman Abba: Ritalin, da safe kafin ya tafi makaranta.

Mai harhaɗa magani: To labarin ya haɗu. Sunan sinadarin metilfenidet. Rage sha'awar abinci, bushewar baki da wahalar samun barci duk suna cikin abubuwan da aka san yana jawowa, in kin buɗe takardar cikin kwalin za ki gan su. Da rana magani na aiki, ciki a rufe, baki a bushe. Da dare ya sake shi, yunwar yini ta taso gaba ɗaya. Ga shi kuma yawun kowa raguwa yake yi in ya yi barci. Kin ga shayin nan na ƙarfe 9 ya kwana a kan haƙori ba mai wanke shi. Ki ba shi karin kumallo mai nauyi kafin ya sha ƙwayar, ƙosai ko ƙwai ko ɗumame, lokacin cikinsa na karɓa. Ki haɗa shi da gorar ruwa zalla zuwa makaranta. Kuma ki faɗa wa likitan da ya rubuta maganin batun rashin cin abincin, shi ke da ikon gyara lokaci ko awo. Kada ki tsayar da kanki. Ga masu yara gaba ɗaya: yawancin magungunan ruwa na tari da na zazzaɓi akwai sukari a ciki, in an ba yaro da dare a bi shi da ruwa.

Kawu: Kun ji ko? Ashe maganin ne ke ɓata haƙorin. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Mai harhaɗa magani: A'a Kawu, ƙwayar ba ta huda haƙori. Ta rage mai gadi ne, ɓarawon kuwa mu muke buɗe masa ƙofa.

Maman Ilham: Ni fa ji na yi ana cewa sukarin ne ma ke kawo ƙiriniyar tun asali. Ashe in ta hana shi zaƙi ta jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Dakta: Maganar ta yaɗu har a ƙasashen Turawa, amma an gwada ba ta tabbata ba. A 1995 wasu likitoci a Amurka sun tattara gwaje-gwajen da aka yi, inda ake ba wasu yara sukari, wasu abin zaƙi mara sukari, ba yaran ba iyayen ba wanda ya san wanne aka ba wa wa. Ba a ga bambanci a halayyarsu ba. Larurar daga yadda ƙwaƙwalwa ke girma take, gado ne ke da kaso mafi girma a cikinta, kuma kusan yara 5 cikin 100 a duniya suna da ita. A rage sukari don haƙori, amma kada Maman Abba ta ɗora wa kanta laifin da ba nata ba.

Malama (firamare, Gyallesu): Bari in sa baki, shekarata 16 ina riƙe da alli. Kawu yana da gaskiya a abu ɗaya, ba kowane mai ƙiriniya ne ke da larura ba. Likitoci ma ba sa yanke hukunci sai abin ya fara kafin shekara 12, ya kai wata 6 ana ganinsa, kuma ba a wuri ɗaya ba: gida, boko, Islamiyya, ko'ina labarin ɗaya. Yaron da ke tayar da ƙura a gida amma ya nutsu a gaban malam, wannan wani zance ne. Sannan akwai waɗanda ba sa motsi ko kaɗan, mata masu larurar galibi irin wannan ne nasu, sai dai ki ga yarinya ta zuba wa taga ido an gama darasi ba ta sani ba. Su sakarci ake ce wa nasu, ba mai kai su asibiti. Irinsu za ki tura wanke baki ki same ta tsaye da buroshi a hannu tana kallon kaji.

Abin da na koya a aji: umarni ɗaya a lokaci ɗaya. In kika ce "je ka wanke baki ka sa yunifom ka ɗauko jaka", na farkon ma ya zube a hanya. Ki dafa kafaɗarsa, ya dube ki, ki ce "ɗauko buroshi". Shi ke nan. In ya kawo sai na gaba.

Ustaz (Tudun Wada): Jama'a ana ta makilin da buroshi an manta da sunna. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ba don kada ya tsananta wa al'ummarsa ba da ya umarce su da yin asuwaki a kowace salla. Sau biyar a yini ke nan. Ga araha, ga lada. Yaron da ke son tauna abu, ai asuwaki ya fi masa cingam.

Dakta: Allah ya saka da alheri Ustaz, ban da ja a kan falalar asuwaki, kuma a hannun wanda ya iya yana kankare haƙori sosai. Ɗaura shi da lokutan salla ma dabara ce mai kyau ga irin Abba, don abin da aka jingina da wani abu tsayayye ba ya saurin ɓacewa. Amma abu biyu. Yaro ɗan shekara 7 ba ya kai shi turamen can ciki da bayan haƙora, inda ramin Abba yake. Kuma haƙorin da tsami ya fara ci yana bukatar sinadarin fuloraid da ke cikin makilin don ya ƙara tauri. A haɗa su: asuwaki da rana tare da babansa, makilin safe da dare. Sharaɗi ɗaya, a zaune zai yi. Yaro mai gudu da icce a baki in ya faɗi ganɗarsa zai huda, mun sha ganin irinsu.

Ustaz: Na karɓa. A zaune, bayan alwala.

Baban 'Yan Biyu (Hanwa): Maman Abba, Hassan ɗina irin Abba ne sak, Usaini kuwa kamar ba ciki ɗaya suka kwanta ba. Shekara biyu muna dambe kafin in gane laifina ne, ina jiran yaro ya yi aikin da ba zai iya ba. Yanzu ni nake wanke masa. Ina dawowa daga sallar isha'i nake zama a tabarma in miƙe ƙafa, ya kwanta ya ɗora kansa a cinyata yana kallon sama. A haka ina ganin bakin gaba ɗaya, shi kuma ba inda zai zille. Buroshi biyu ne, ɗaya nasa na taunawa wanda ya riga ya baje kamar tsohuwar tsintsiya, ɗaya nawa na aiki. Ina ba shi wayata ya riƙe yana kallon agogo na ƙirga daƙiƙa 30, in ta yi ƙara shi ke cewa "Baba canza gefe". Sau huɗu, minti biyu sun cika. Ranar da iskarsa ta motsa na san ba zan samu minti biyun ba, don haka kullum daga turamen ciki nake farawa, in ya tsere ya tsere da na gaba, su ba su cika yin rami ba.

Lada kuma a ranar ake biya. Na taɓa yi masa alkawarin keke da Salla in ya yi wata guda, ko kwana biyu bai kai ba, Salla ta yi masa nisa kamar Makka. Yanzu kalandar bango ce, ya wanke ya zana tauraro da hannunsa. Taurari uku, in ɗauke shi a babur mu zaga Kwangila mu dawo. Abin da bai ci min komai ba sai ɗan mai.

Bakanon Sabon Gari: Ɗan mai a wannan zamani ai ba "ba komai" ba ne, Malam.

Maman Abba: Baban 'Yan Biyu Allah ya biya ka. Shi fa cewa yake makilin ɗin yaji yake masa, amma na yara mai ɗanɗanon lemo shanyewa yake yi.

Dakta: Ki nemi mara yaji, amma ki juya bayan kwalin ki duba lambar fuloraid, daga 1000 zuwa 1450 ppm ake so. Wasu na yaran ƙamshi ne kawai. Ƙasa da shekara 3 a shafa kamar ƙwayar shinkafa, daga 3 zuwa sama kamar ƙwayar wake, ba a cika buroshi kamar yadda ake yi a talla ba. Ke za ki matsa, ki ɗaga sauran inda hannunsa ba ya kaiwa. Fuloraid in yaro yana haɗiyarsa da yawa lokacin da haƙora ke ginuwa yana sa musu dabbare-dabbare, irin wanda ake gani a wajajen Kaltungo da Langtang inda ya yi yawa a ruwan sha. In an gama ya tofar da kumfar, kada ya kuskure da ruwa. Daga nan ba abin da zai shiga baki sai ruwa har safe. Shayin daren a jawo shi gaba, ya ci ya ƙoshi sannan a wanke, kada a jira barci ya fara fizgarsa. Yaro lafiyayye ma sai ya kai shekara 7 ko 8 ake sakar masa buroshi, irin Abba kuwa a ƙara masa wasu shekarun ba abin kunya ba ne.

Goggo: A tofa kada a kuskure? Wannan ai ƙazanta ce Dakta!

Dakta: Goggo in kin shafa man zafi a gwiwa, wankewa kike yi nan take?

Goggo: Ja'ira. To na ji.

Maman Sadiq (Kusfa): Ni duk na ji bayananku, amma kamar na masu gidan kansu ne. Mu gidan yawa ne a cikin birni, sassa tara. Ka hana yaro a ɗakinka ya shiga na gaba a ba shi. Ka yi magana a ce kana nuna wa tsohuwa iyaka da jikanta. Yaron da ba ya zama wuri ɗaya kuwa kafin azahar ya zaga sassan nan duka, kowa ya sallame shi da abin da ke hannunsa don ya bar masa ɗaki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Maman Ilham: Wannan gaskiya ne. Kuma suruka ba ta faɗuwa a bakin matar ɗa, sai dai ɗanta ya je da kansa.

Dakta: Ban ce a hana ba, hanin ma ba zai yiwu ba. Yawan sau nawa ne ke kashe haƙori fiye da yawan abin. Alawa biyar a zama ɗaya bayan abincin rana ta fi alawa biyar ɗai-ɗai daga safe zuwa magariba sauƙi nesa ba kusa ba. Haka zoɓo mai sukari ko lemon kwalba da yaro zai yini yana kurɓa, gara ya shanye a tashi ɗaya. A samu gwangwani a ɗakin kaka, duk wanda ya ba shi abin zaƙi a jefa a ciki, ita za ta buɗe masa bayan ya ci abinci. An bar mata girmanta ke nan. Don motsa baki tsakanin abinci kuwa ga gyaɗa, ga awara, ga dafaffen ƙwai, karas, kokwamba. Rake dai, Zage-zagi ku yi haƙuri, sukari ne shi ma.

Bakanon Sabon Gari: Allah ya ƙara wa Dakta lafiya.

Maman Abba: To batun komawa asibitin fa? Ni gabana faɗuwa yake yi.

Dakta: Da farko ina ba ki haƙuri a madadin abokiyar aikinmu. Layi yana da tsawo, ma'aikata kaɗan ne, amma wannan ba hujjar faɗa wa uwa haka ba ce. Yaron da aka zaunar awa huɗu a benci, ko ba shi da larura ya gama ƙarewa kafin a kira shi.

Ki fara zuwa ke kaɗai ko ki aika babansa, a roƙi ganin farko na safe, a faɗi dalili ƙarara. Ki tafi da kwalin maganin, dole likita ya san yana shan sa saboda allurar kashe zafi da duk abin da za a ba shi. Ya sha maganinsa yadda ya saba, in irin mai gajeren zango ne da ke saurin sakin jiki, awa uku zuwa huɗu yake aiki, so ake a gan shi a cikin wannan tsakanin. In da jira, ku jira a waje yana zagayensa, a kira ku in lokaci ya yi. Kada ki ce masa "ba abin da za a yi maka", in ya kama ki da ƙarya sau ɗaya an gama. Masu tsorata yara da "zan kai ka a yi maka allura" kuma su ji da kyau, mu ne muke biyan bashin.

A wurinmu ƙa'idar ita ce a faɗa masa, a nuna masa, sannan a yi. In ga madubi in ba shi ya riƙe, in gwada abin gogewar a farcensa ya ji, mu yi yarjejeniya in ya ɗaga hannu zan tsaya, kuma in tsaya ɗin. Aiki gajere-gajere, ko da zuwa uku ne. Ba kowane rami ne sai an kunna inji ba. Akwai hanyar kwashe ruɓar da kayan hannu a cike, wadda aka faro a Tanzaniya a shekarun 1980 don wuraren da ba lantarki. Akwai maganin ruwa mai sinadarin azurfa da fuloraid da ake ɗigawa ya tsayar da ruɓa, aibinsa wurin yana yin baƙi. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa su duka biyu, abin cikon da maganin ɗigawar, a jerin muhimman magunguna. Amma ba zan ɓoye miki ba, haƙorin da ke hana barci kwana uku mai yiwuwa ruɓar ta kai jijiya, sai an ɗauki hoto za a san aikin da ya dace. Ki tambaya kuma a duba sauran turame ukun, in lafiyarsu ƙalau a toshe musu kwarmin saman tun kafin su yi rami. In an yi allura ki sa masa ido awa biyu zuwa uku, leɓe yana mutuwa, irinsu sai su yi ta taunarsa don jin abin mamaki, washegari ya kumbura ya yi gyambo. Sa barci gaba ɗaya shi ne matakin ƙarshe, kuma sai a babban asibiti.

Baban 'Yan Biyu: Dakta ki ƙara musu da batun faɗuwa, don ni ya ci ni. Hassan ya faɗo daga katanga yana shekara 8, haƙorin gaba ya fita ɗungurungum da saiwarsa. Muka naɗe a takarda muka kai washegari, aka ce mun makara. Har yau da giɓinsa.

Dakta: Allah sarki. Yaran nan sun fi sauran yawan karya haƙoran gaba, don ƙafarsu tana riga tunaninsu. In na girma ne ya fita, a ɗauke shi ta kansa, kada a taɓa saiwar, kada a kankare. A ɗauraye shi kaɗan a mayar da shi raminsa nan take, yaro ya ciji hankici. In an kasa, a jefa shi a madarar ruwa, ba nono mai tsami ba, ba kuma ruwa zalla ba. In ba madara yaro ya tofa yawunsa a kofi a sa a ciki. A isa wurin likita cikin awa guda. Na yarinta kuwa ba a mayar da shi, yana iya lalata na ƙasansa mai zuwa.

Maman Abba: Salam jama'a, na dawo da rahoto bayan kwana tara. Babansa ya je ya yi magana, aka ba mu ƙarfe 8. Zuwan farko likitan ya ba shi madubi suka ƙirga haƙora tare, Abba ya ce 24 ne, likita ya ce ya ci jarrabawa. Aka ɗauki hoto, aka kwashe ruɓar aka sa magani da ciko na wucin gadi, sau biyu yana ɗaga hannu ana tsayawa. An ce haƙorin zai cetu in sha Allah, za mu koma ranar Talata. Yana barci yanzu. Wanke baki babansa ya karɓa, a cinya, amma gaskiya cikin dare tara shida muka samu, biyu ya tsere, ɗaya mu ne muka manta. Gwangwani yana ɗakin Hajiya, sai dai jiya na kama ta tana buɗe masa da hantsi.

Maman Sadiq: Ai na faɗa muku. Amma shida cikin tara ba kaɗan ba ne.

Kawu: Madalla. Dakta, wata 'yar tambaya, ba don kaina ba. Akwai jikana ɗan wajen Auwalu, shekararsa 6, shi ma dorinar ba ta kama shi, ga shi kwana biyu yana taunar tuwo da gefe ɗaya. Shi ma sai an je da kwalin magani? Don shi ba ya shan komai.

Bakanon Sabon Gari: Allahu Akbar. Yau ga dorina ta nemi kati.

Dakta: Ba sai da kwali ba Kawu. Yau da dare a haska bakin da fitila a duba can ƙarshe, gefen da yake gudu. Ku kawo shi da sassafe, ya karya tukuna. Batun rashin zamansa kuma ku tambayi malamansa na boko da na allo abin da suke gani, sai a san ko akwai bukatar ganin likitan yara. Dorinar a bar ta a gida.